Koren Fenti a Kan Sunan Lachie

Shekara talatin da takwas ina goge allon nan, kowace safiya ban da Lahadi, tun kafin mutum na farko ya shigo da takalminsa mai ƙusoshi ya ɓata mini daɓe. Allon katako ne kore, yana rataye a zauren kulob ɗin golf na garinmu Balmorrie, tsakanin murhu da tagar da ke kallon teku. A kansa aka rubuta da ruwan zinari sunayen yaran da suka buga wa Birtaniya a Kofin Samari, gasar da ake yi tsakanin namu da na ƙetaren ruwa, Faransa da Jamus da Sifen da sauransu a haɗe. Yara takwas kowace shekara, babu wanda ya cika sha takwas. A filinmu aka fara gasar, shi ya sa ko a wace ƙasa aka buga ta, nan ake kawo sunayen. Alluna shida ne yanzu. Na farkon nake magana.

A shekarar farko, 1961, sunaye bakwai ne. Layi na biyar babu komai sai fenti. Idan baƙo ya tambaya, sai a ce masa wani yaro ne ya janye. Ƙarya ce. Bai janye ba. Ya buga, ya ci, aka rubuta sunansa, sannan aka kira mai fenti.

Idan ka tsaya jikin murhu da ƙarfe bakwai na safe a watan Yuni, lokacin da rana ke shigowa ta gefe, za ka ga haruffa sun ɗan taso a ƙarƙashin koren. L. SWANKIE. Ni ba mai karatu ba ce. Sunana dai yana rajistar makaranta, amma ni ina bakin ruwa ina feɗe kifi tare da Inna. Amma waɗannan haruffa takwas na san su da ido rufe, na san su da yatsa ta cikin tsumma. Yayana ne, Lachie. Ni ce Ishbel Swankie, shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa aure ba, kuma duk gidanmu ni kaɗai na rage.

Na ajiye aiki tuntuni. A shagon burodi na ji labarin, a bakin wasu mata biyu da ba su ma lura ina bayansu ba: wai gasar ta cika shekara sittin, za a dawo da ita Balmorrie a watan Agusta, za a yi biki, za a buga littafin tarihinta, kuma za a sauke tsofaffin alluna a sa sabo. Na ajiye burodin a kan kanta na fito. Ban ma koma gida na sauya riga ba.

Sakataren kulob na yanzu Mista Pringle ne, ɗan Edinburgh, bai wuce arba'in ba, fara'a kamar mai tallan inshora.

"Mis Swankie, shigo, shigo. Ai ke 'yar gida ce. A kawo miki shayi?"

"Na san yadda ake wanke kofuna a gidan nan yanzu. Bar shi."

Ya yi dariya, ya jawo mini kujera. Shekara talatin da takwas ina share ofishin nan, ban taɓa zama a cikinsa ba sai ranar.

Na ce, "An ce za ku sauke allunan."

"Sabuntawa ce. Gilashi ɗaya babba, da fitila a bayansa. Za ki so shi."

"Shekarar farko, sunaye nawa za ku sa?"

Ya duba allon kwamfutarsa. "Bakwai."

"Da gurbi?"

"Mai zanen ya ce gurbi ba ya kyau a gilashi. Za a matse su."

Za a matse su. Duk shekarun nan abin da nake da shi ke nan, gurbi mai faɗin yatsu uku da ke sa baƙo ya tambaya. Shi ma za su rufe.

Na ce, "Ban zo roƙon gurbi ba. Suna na zo karɓa. Lachlan Swankie, layi na biyar."

Ya gyara zama. Ashe ya san maganar. Ya ce ya gani a tsofaffin takardu lokacin da suke haɗa littafin, abin bai yi masa daɗi ba, amma dokar masu kofin a wancan zamani a bayyane take. Gasar ta masu buga wasa don sha'awa ce, ba ta masu cin abinci da shi ba. Duk yaron da ya cika sha shida kuma ya ɗauki jakar wani aka biya shi, ya fita daga cikinsu.

Na ce, "Mista Pringle, ka taɓa buga bibbiyu?"

"Sosai ma."

"Yara biyu, ƙwallo ɗaya. Wannan ya buga, wancan ya buga, har ta shiga rami. Haka ne?"

"Haka ne."

"Alastair Guthrie yana kan allonku, layi na huɗu. Shi ya yi bugu na ɗaya. Wa ya yi na biyu? Iska?"

Ya juya biro a hannunsa, sannan ya ce idan da akwai takarda daga wanda ya buga a ranar, zai kai maganar gaban kwamiti. Cikin yara takwas ɗin, Alastair ɗin nan, wanda ya zama Likita Guthrie, shi kaɗai ya rage da rai, yana gidan tsofaffi a ƙetaren gaɓa.

Akwai abin da ban gaya wa Pringle ba, kuma babu shi a takardunsa.

Lachie ya girme ni da shekara uku. Tun yana ɗan tara yake dakon jakunkunan masu wasa, kamar kowane ɗan masunci a Balmorrie. Ƙirjin Baba ya lalace tun muna ƙanana, ba ya fita teku, sai tari a kan kujera. Wani ɗan wasa mai haƙuri ya ba Lachie tsohuwar sandar golf guda ɗaya, ya rage mata tsawo da zarto. Idan ruwa ya janye da sassafe, sai ya sauka kan yashi ya yi ta bugu, ni kuma ina tsinto masa ƙwallaye a cikin ƙafar siket ɗina, ina zuba masa surutu. Rediyo yake kirana. "Rediyo, rage murya, kifaye na barci." Bai taɓa kirana Ishbel ba sai idan Inna na kusa.

'Ya'yan masunta ba sa shiga kulob. Ta bayan ɗakin takalma suke tsayawa a kira su. Ana barinsu su buga a fili da asuba kafin masu gida su tashi, shi ke nan. Amma da Lachie ya je gasar yara ta gunduma ya lallasa 'ya'yan manya biyu a jere, babu yadda za a yi da shi. Da aka zo fara Kofin Samari, aka sa shi cikin takwas. Shekararsa sha bakwai. Kowace Asabar kuma yana nan yana ɗaukar jakar Kanal Guthrie, shugaban kulob, baban Alastair. Ni ban san akwai wata doka ba. Wa zai gaya mini? Abin da na sani, yayana yana aiki, yana kawo wa Inna, ya ajiye ɗan saura har ya sayi takalmin wasa, fari da ruwan ƙasa, na hannu, lamba ɗaya ya fi ƙafarsa, ya cusa jarida a gaba.

Ranar ƙarshe ta gasar an ɗauke ni taya aiki a kicin, amma na sulale na hau tudun yashi na rami na sha takwas, wato na ƙarshe. Duk garin yana can. Wasan Lachie da Alastair ne ya rage a fili, su da wasu yara Faransawa biyu, kuma kunnen doki suke. Iska tana tasowa daga teku tana kwantar da tuta. Alastair ya buga, ƙwallo ta kauce ta faɗa ramin yashin nan mai zurfi da ke hagu, wanda idan mutum ya shiga sai hularsa kake gani. Na ji mutane sun yi ajiyar zuciya. Lachie ya sauka. Ya murza ƙafafunsa cikin yashi yadda yake yi a bakin ruwa. Yashi ya tashi, ƙwallo ta fito a hankali kamar an ɗaga ta da hannu, ta gangara, ta tsaya. Tsakaninta da rami bai kai tafin hannuna ba. Faransawan suka yi nasu suka kuskure. Sai babbansu ya sunkuya ya ɗauki ƙwallonmu da kansa ya miƙa wa Lachie, alamar ba sai an ƙarasa ba, namu sun ci. Su huɗun suka cire huluna suka yi musabaha.

Da yamma aka yi shayi a zaure. Karo na farko ke nan da ɗan gidanmu ya shiga ta ƙofar gaba. An ara masa kwat, hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Ni ina zagayawa da tiren biskit. Shugaban baƙin, wani Bafaranshe mai gashin baki, yana tsaye da Kanal, yana tambaya da gurɓataccen Ingilishinsa a ina yaron nan ya koyi yashi haka. Kanal ya ce ai ɗan nan ne, a gefen filin aka haife shi.

Shekarata sha huɗu. Zuciyata kamar ta fashe don daɗi. Na ce, "Yayana ne, yallaɓai. Ai shi ke ɗaukar jakar Kanal kowace Asabar. Da kuɗin ma ya sayi takalmin da ya buga da shi yau."

Na faɗa da ƙarfi, don kowa ya ji.

Zauren ya yi tsit. Kanal ya zuba wa kofinsa ido. Bafaranshen ya ɗaga gira, ya ce, "To." Na waiga wurin Lachie ina murmushi, ina jira ya ce Rediyo rage murya. Bai dube ni ba. Ya ajiye kofinsa a kan murhu a hankali, yana kallon takalminsa.

Baƙin sun ce su kada a taɓa sakamako, an gama wasa an yi musabaha. Saboda haka namu suka riƙe kofin, suka riƙe makin, suka jefar da yaron. An riga an rubuta sunaye. Bayan mako uku mai fenti ya dawo.

Lachie bai ce mini komai ba. Da ya mare ni da ya fi. Ya sa takalman a kwali ya tura ƙarƙashin gado, kafin hunturu ya shiga jirgin kamun kifi na Aberdeen. Yakan zo a sabuwar shekara, ya kawo mini alewa, daga baya ɗankwali, daga baya safar hannu. Ya zauna ya sha miyar kifi, ya tambayi lafiyar kowa. Ishbel yake kirana. "Ishbel, miƙo gishiri." Bai ƙara riƙe sanda ba, ko a talabijin aka sa wasan sai ya tashi ya fita shan sigari. A 1998 na je wurinsa a asibiti. Na zauna bakin gado na ce, "Yaya, maganar ranar nan." Ya ce, "Ko za ki ɗan buɗe mini taga?" Na buɗe. Bayan kwana biyu ya rasu.

Mutane sun yi ta cewa ba ni da zuciya, na koma aiki a gidan da aka yi wa ɗan'uwana haka. Su faɗi abin da suke so. Aiki biyu ne ga mace irina a Balmorrie, kifi ko kulob, kuma kifi ya ƙare. Ban da haka, da ban shiga ba, wata ce za ta goge allon, wadda ba ta san a layi na biyar akwai mutum ba.

Bas biyu na shiga zuwa gidan tsofaffin. Ana yayyafi. Na sami Likita Guthrie a bakin taga a keken guragu, da bargo a cinya. Shi da yake shigowa kulob da ƙamshin turare yana jefa mini kwat ɗinsa ko dubana bai yi ba.

Ya ƙura mini ido, sannan ya ce, "Ishbel ta kicin. Kin tsufa."

"Kai kuma ka yi kyau, Likita. Kamar kifin da ya kwana uku a rana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Zauna. Babu mai zagina a nan, duk lallashina suke yi kamar jariri. Me ya kawo ki?"

Na gaya masa maganar gilashi da matse sunaye. Yana saurare yana kallon ruwan da ke bin taga. Mutumin da aka ce wani lokaci ba ya tuna ko ya yi kalaci, sai ga shi yana karanto mini wasan nan rami bayan rami. A na uku shi ya ɓata, Lachie ya gyara. A na bakwai ma haka. A na sha ɗaya Lachie ya ce masa ya bar sandar da ya ɗauko ya ɗauki ta ƙasa da ita, iska ta juya.

Ya ce, "Duk ranar ni nake jefa mu a ramin yashi, shi yana tono mu. Bugu mai kyau guda biyu na yi. Na ƙirga."

"To ka rubuta haka."

"Zan rubuta."

Da na tashi na tafi a nan. Amma shekara sittin ina ɗauke da abu, kuma shi kaɗai ya rage a duniya da yake cikin zauren nan. Na ce, "Ka tuna wanda ya tona maganar?"

"Ke. Da tirenki na biskit."

"Ni na kashe shi. Da na riƙe bakina, da babu wanda ya sani."

Ya juyo da keken ya fuskance ni. "Ishbel, kina tsammanin ba su sani ba? Babana ne ke sa masa kuɗin a hannu kowace Asabar a bayan ɗakin takalma. Sakatare ya sani, duk kwamiti sun sani. Sun zauna a kan maganar tun kafin a zaɓe shi. Suna son kofin, kuma babu mai buga yashi kamarsa."

Na ce, "To me ya sa?"

"Saboda kin faɗa. A gidan can muddin ba a faɗi abu da baki ba, ana iya wucewa a gefensa shekara ɗari. Amma an faɗa, a gaban baƙi, kuma babana yana tsaye. Ko dai ya ce ya sani, ko ya ce an yaudare shi. Ya zaɓi na biyu."

"Wato Lachie ne maƙaryaci."

"Haka aka rubuta."

"Kai fa? Kana gefensa. Kafaɗarka na gogar tasa."

Ya ce, "Shekarata sha bakwai, ina tsoron babana. Wannan ina da amsarsa. Daga baya na kai hamsin, na zama shugaban kulob, babana yana ƙasa, babu wanda nake tsoro. Na sake yin shiru. Wannan ba ni da amsarsa."

"Shekara uku kana shugaba ina goge maka tebur."

"Na sani."

"Kana wuce ni ina kan tsani ina goge allon, kana ce mini ina kwana."

"Na sani, Ishbel."

Ban yafe masa ba, bai kuma roƙa ba. Ya sa aka kawo takarda. Ya fi rabin awa yana rubutu, biro yana tsalle a hannunsa. Da ya gama ya miƙo mini, na ce ya karanta, rubutun likitoci ko masu karatu ba sa gane shi. Abu uku ya rubuta. Na ɗaya, Lachlan Swankie ya buga, kuma kwamiti na lokacin sun san yana dakon jaka ana biyansa kafin su zaɓe shi. Na biyu, a mayar da sunansa, ko kuma a cire na Alastair Guthrie. Na uku, allon farko babansa ne ya sa aka yi, aro ya ba kulob, takardar tana nan a wurin lauya. Idan sun ƙi na ɗaya da na biyu, su dawo da allon, su kai gidan Mis Swankie.

A bas na dawowa na riƙe takardar a cikin rigata don kada ta jiƙe. Na so in ji sauƙi. Ban ji ba. Abin da na sani kawai, fushin da nake yi da kaina shekara sittin, rabinsa na wasu ne, sun bar mini ina ɗauke musu.

Na kai wa Pringle takardar, mako uku ba labari. Ina tashi, in dafa kunun hatsi, in zauna a bakin taga. Gidana yana kan hanyar da ke zuwa filin, duk motar da za ta kulob sai ta wuce ta gabana. Maƙwabtana na da duk sun tafi, gidajen sun zama na haya ga masu zuwa hutu, kowane mako sababbin fuskoki da jakunkunan sanduna. Wata rana sai in wuni ban buɗe baki ba sai don shayi.

Ranar wata Laraba da hantsi Pringle ya ƙwanƙwasa ƙofa da kansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota.

"Mis Swankie, kwamiti sun zauna."

"Fuskarka ta riga ta gaya mini. Shigo ka ƙarasa."

Biyar suka ƙi, biyu suka yarda. Wai dokar lokacin ita ce dokar lokacin, idan aka buɗe wannan ba a san me zai biyo baya ba. Takardar Likita kuma, wai mutum ne mai shekaru, ba a so a ɗora wa mamata laifi a kan tunanin tsoho. Sunansa ma ba za su cire ba, wai tarihi ba na mai sunan ba ne, na gasar ne.

"Amma," in ji shi, "sun yarda a sa bayani a ƙasan shafi a cikin littafin. Kuma suna so su kafa benci a rami na sha takwas, da sunansa a jikin tagulla."

"Benci."

"Mai kyau, na katakon oak."

"Ya ɗauki jakarsu yana da rai, yanzu ya mutu zai ɗauki ɗuwawunsu?"

Jini ya hau masa fuska har kunne. Ya ce, "Ni ba ni da ƙuri'a, Mis Swankie. Rubutawa kawai nake yi."

"To rubuta. Ka ce Ishbel Swankie ta ce su riƙe bencinsu. Ƙasan shafi ma su riƙe. Ba a ƙasan shafi ya buga ba."

"Zan gaya musu." Ya ɗan tsaya. "Abu na uku kuma, lauya ya ce ba su da ta cewa. Allon yana cikin motata."

Mu biyu muka shigo da shi, shi a gaba ni a baya, yana ta cewa in bari ya ɗauka shi kaɗai, ina ce masa na san nauyinsa tun kafin a yaye shi. Muka kwantar da allon a kan teburin kicin. Ya tsaya yana dubansa.

"Ina yake?"

Na kama yatsansa na ɗora a layi na biyar, na ja shi a hankali. Na ga lokacin da ya ji su. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Wannan karon ni na ce ko zai sha shayi, ya ce yana da taro.

Da wuƙar Inna ta feɗe kifi na yi aikin, wadda wasawa ta cinye har ta zama kamar tsinke. Safiya huɗu, daga bakwai zuwa tara, lokacin da haske ke da kyau kuma hannuna bai fara ciwo ba. Fentin ya yi tauri, shafe uku aka yi masa. Yana ɓarewa ƙanana-ƙanana kamar ɓawon kifi. Zinarin yana nan a ƙasa, har ya fi na sauran haske, don shi hayaƙin murhu da na sigari bai taɓa shi ba. A wurin K hannuna ya zame na kankare ƙafarta ɗaya. Na zauna na yi kuka a kan ƙafar K, ni da ban yi kuka a jana'izarsa ba.

Da na gama na tsaya ina kallo. A. GUTHRIE, a ƙasansa L. SWANKIE. Takwas. Sai na duba kicin ɗin: tukunya, agogo, kujera ɗaya. Wa zai gani? Sun ba ni sunan ne don in ajiye shi inda ba kowa.

Na cire labulen tagar gaba. Na jawo allon a kan bargo, na ɗaga shi da gwiwa da kafaɗa, na jingina shi da gilashi, fuskarsa tana kallon titi. Ya cika tagar kaf, sai ɗan siririn haske a gefe da gefe. Na tokare shi da kabad.

Likita bai ga bikin ba, ya rasu a watan Yuli. An ce sun yi masa shiru na minti ɗaya.

Ranar da aka buɗe gasar na fito da kujera na zauna a ƙofar gida da rigata ta coci. Manyan bas biyu suka wuce da yara cikin riguna iri ɗaya, kowa kansa a sunkuye kan waya. Motoci suka bi baya. Wata baƙar mota ta rage gudu, na gane mutumin ciki, ɗan kwamiti ne, ya dubi tagar, ya dube ni, ya ƙara mai. Wasu mata da miji 'yan hutu suka tsaya suka tambaya ko sayarwa nake yi. Na ce su karanta layi na biyar. Suka karanta, suka ce madalla, suka tafi neman wurin ajiye mota. Daga nesa ina jin tafi yana zuwa yana komawa da iska.

Ban je na ga gilashin nasu ba. An ce yana da kyau, kuma ba ka gane an taɓa samun gurbi.

Ɗakina ya yi duhu tun ranar. Da rana tsaka ma sai na kunna fitila, kuma ba na ganin masu wucewa kamar da. Daga ciki bayan allon kawai nake gani, katako tsirara da ramukan ƙusa. Idan ina son ganin sunan sai na fita titi kamar kowa. Ina fita da ƙarfe bakwai da tsumma in goge gilashin tagar, gishirin teku yana dusashe shi cikin kwana ɗaya.

Kwamiti suna zama Litinin ta farko a kowane wata. Ina zuwa tun kafin su iso, in zauna a kujerar da ke bakin ofishin Pringle, jakata a cinya. Ba na shiga, ba su kuma isa su kore ni ba. Kowannensu sai ya wuce ta gabana. Wasu su ce ina kwana, wasu su duba agogo. Ni dai abu ɗaya nake faɗa wa kowanne, da ƙarfi yadda na kicin ma za su ji.

"Takwas ne."